Legas na kewaye da ruwa, amma ina talaka zai kai yaransa su ga teku?

Baban Safiya (Obalende):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun washegarin Sallah, na ce bari in kawo shi nan ko zan ji sanyi. Ƙanwata ta zo mana Sallah daga Gusau da yaranta uku, ba wanda ya taɓa ganin teku a cikinsu. Tun daren Sallah autan yake bina yana tambaya, wai da gaske ne ruwan ba a hango ƙarshensa? Da gari ya waye na haɗa su da nawa, mu tara cif, muka nufi ɓangaren Lekki.

Daga bakin ƙofa aka fara lissafi. Kuɗin shiga kan kowane kai, har yaran. Kuɗin ajiye mota daban. Kular shinkafar da uwargida ta tashi tun asuba ta dafa, ita ma aka ce ko a biya mata ko a bar ta a mota. Da muka shiga, rumfa haya, kujera haya. Na biya, don ba zan iya kallon idon yaran nan in ce mu juya ba, amma cefanen mako guda ne ya tafi a wuni ɗaya.

Abin da ya sa ya dame ni, ni a Obalende na tashi. Muna yara, ranar Lahadi da yamma da ƙafa muke takawa har Bar Beach, ba ƙofa, ba mai gadi, ba mai tambayarka ko sisi. Ka tarar da masu dawaki suna sukuwa a kan yashi, da yawansu ma mutanenmu ne. Ga mai tsire da hayaƙinsa, ga mai kwakwa yana fille mata kai da adda ya miƙo maka ka kafa baki, can gefe ga 'yan cocin fararen riguna da ƙararrawa da kyandir sun fuskanci ruwa suna addu'o'insu. Ɗan mai gida da ɗan mai gadi, igiyar ruwa ɗaya ce ke jiƙa musu ƙafa. Yau wurin babu shi, an cike shi da yashi an yi sabuwar unguwar da ake kira Eko Atlantic. To ku gaya mini, gari irin Legas, teku ta kudu, lagun (babban tafkin da ya haɗe da teku) a tsakiya, yaya aka yi talaka ya rasa inda zai tsaya kyauta ya kalli ruwa?

Injiniya (Apapa):
Wa alaikumus salam. Yaya, ina tare da kai kan zafin kuɗin, amma a yi wa maganar Bar Beach adalci. Ba Eko Atlantic ce ta fara cin wurin ba, teku ce. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulkin mallaka suka jera manyan katangun duwatsu a bakin mashigar tashar Legas, don yashi ya daina toshe wa jirage hanya. Shi kuwa yashin gaɓar nan tafiya yake yi, ruwa na kwasar sa daga yamma yana kai shi gabas. Katangar yamma ta tare shi, ya taru ta ɓangaren Lighthouse Beach, Bar Beach da ke gabas ya daina samun sabo, ruwa kuma bai daina ɗibar wanda yake akwai ba. Shekara kusan ɗari ana wannan zaizayar. Gwamnatoci sun sha zuba yashi, damina biyu uku ruwa ya kwashe.

Kai kanka za ka tuna yadda teku take hawowa titin Ahmadu Bello Way, inda ofisoshin jihohi suke jere, har gefen titin ya rufta. Da aka fara aikin Eko Atlantic wajen 2008, an shiga gina katangar duwatsu da aka tsara tsawonta ya kai kilomita takwas da rabi. Wannan katangar ce ta tsare Victoria Island. Da an bar abin yadda yake, da yanzu ba Bar Beach kaɗai muke kuka ba.

Baban Safiya (Obalende):
Injiniya, na yarda da batun katanga, Allah ya saka da wannan bayani. Amma katanga daban, hana mutane daban. An samu filin da ya kai murabba'in kilomita wajen 10 daga cikin teku. A ce duk faɗin nan ba a iya yanke wa jama'a ko zirin kilomita ɗaya ba, a sa benci da fitila da banɗaki, kowa ya zo ya sha iska? Ofishin jakadancin Amurka ya samu wuri a ciki. Mutanen da suka yi shekara da shekaru suna zuwa wurin su ne ba su samu ba.

Hajiya Maman Walid (Idi-Araba):
Baban Safiya ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Shekarar da na je Umara, kafin mu taso mun kwana biyu a Jidda, aka kai mu bakin teku bayan Isha'i. Wallahi abin ya burge ni. Iyali iyali sun shimfiɗa darduma, ga fulas ɗin shayi, ga yara na ta guje-guje da keke, ga masallatai nan kusa, can cikin ruwa kuma ga maɓulɓular Sarki Fahad tana harba ruwa sama kusan mita 300, fitilu na haska ta. Ba wanda ya ce mu kawo kuɗin zama. Wata dattijuwa 'yar asalin Kano da aka haifa a can ta matso mana da dabino da gahawa, muka yi ta hira da Hausa har dare ya raba. Da na dawo na ce wa maigida, mu ma fa muna da teku, me ya hana?

Malam Ɗan Agege:
Ku yi haƙuri zan ɗan saɓa muku. Ni ban ga abin baƙin ciki ba don an sa kuɗi a ƙofar wuraren nan, wataƙila ma rahama ce. Wanda ya leƙa bakin tekun Lekki ranar Lahadi da yamma ya san abin da nake nufi: kiɗa kamar zai fasa kunne, giya, shigar da ba ta dace ba, hayaƙin abin da ba taba ba. Magidanci ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa mata ya kai su can? Abin da Hajiya ta gani a Jidda tsari ne na mutanen da suka tsare mutuncin wurin. A nan ba haka yake ba. Kuma Bar Beach ɗin da ake yabo, ku tambayi manya, a nan ake ɗaure 'yan fashi a jikin ganguna a harbe su a bainar jama'a. A 1971 a can aka harbe ƙasurgumin ɗan fashin nan Oyenusi, mutane suka yi dafifi suna kallo. Ba duka tarihinsa ne mai daɗi ba.

Hajiya Maman Walid (Idi-Araba):
Allah gafarta Malam, gaskiya ka faɗa kan abin da ake yi a wasu wuraren, kuma ni ma ba zan kai 'yata can da yamma ba. Amma ka lura, wuraren da ake biyan kuɗin su ne suka fi kiɗan da giyar, don da su mai wurin yake mayar da kuɗinsa. Ƙofar ba ta tace ɗabi'a, aljihu take tacewa. Kuma teku halittar Allah ce. A cikin Suratun Nahli an ambace ta cikin ni'imomi, cewa an hore mana ita mu ci ɗanyen nama daga cikinta, mu fitar da kayan ado, mu ga jirage suna keta ta. Yaron da ya taso daga Gusau ya tsaya gaban wannan ruwa ya ce Allahu Akbar da kansa, ba a sa shi ba, wannan ai karatu ne.

Malam Ɗan Agege:
Na karɓa, Hajiya. Idan da safe ne, iyali kawai, wuri mai natsuwa, ban da ja. Abin da nake tsoro kada a ce wa matasanmu zuwa can wayewa ce, su bi yarima su sha kiɗa.

Alhaji na Maraɗi:
Salamu alaikum. Ni ɗan Nijar ne, kayana ta tashar Lome suke shigowa, don haka kusan duk wata biyu ina can. A Lome babban titi ne ya bi gaɓar teku tun daga iyakar Gana har wajen tashar jirage. Ka sauka daga kan babur ka taka yashi, shi ke nan. Itatuwan kwakwa a jere, masunta sun yi layi suna jan taru da waƙa, mata na jiransu da kwanoni. Ranar Lahadi garin gaba ɗaya yana can. Ba zan ɓoye ba, akwai datti a wasu ɓangarorin, kuma bayan magariba ba a son mutum ya yi nisa shi kaɗai saboda masu ƙwace. Amma direbobinmu da ke jiran lodi mako biyu uku, can suke zuwa su huce haushin jira, ba su biya ko dala. Togo ba ta kai Najeriya arziki ba, shi ya sa maganar Baban Safiya ta ba ni mamaki.

Ɗan Borno (Ajah):
Don Allah kafin a ci gaba, akwai abin da ya fi kuɗin shiga muhimmanci gare mu mutanen Arewa. Tekun Legas ba kogi ba ce, ba dam ba ce. Wanda ya iya iyo a Tiga ko a kogin Kaduna kada ya ɗauka ya iya da wannan. Igiyar tana bugowa, in za ta koma sai ta zare yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka, kana tsaye ruwa iya gwiwa ka ji ƙasa ta gudu. Akwai kuma wasu hanyoyi da ruwa ke komawa ciki da ƙarfi, daga sama wurin ya fi ko'ina kwanciya, nan ne ma ya fi haɗari. Wanda ya faɗa ciki kada ya yi kokawa da shi yana neman fitowa kai tsaye, ya yi iyo ta gefe, ya bi tsawon gaɓa har ruwan ya sake shi.

Shekara uku ke nan muka rasa wani yaro ɗan unguwarmu, mai sayar da kayan waya, ranar yawon Sallah. Hoto kawai ya shiga ɗauka da abokansa, da jallabiya a jikinsa. Jallabiya in ta sha ruwa nauyi take yi, ta nannaɗe ƙafa. Sai bayan kwana biyu ruwa ya dawo da shi can nesa da inda ya shiga. Ni na yi wa mahaifinsa waya. Har yau ba na son tuna muryar dattijon nan.

Hajiya Maman Walid (Idi-Araba):
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya ba iyayensa haƙuri.

Injiniya (Apapa):
Amin. To kun ga inda nake nufi. Mai ceto da zai zauna yana kallon ruwa, da jan tuta, da masu share roba, duk albashi suke ci. Wani ne zai biya. In gwamnati ba ta yi ba, mai wuri zai yi ya ɗora a kan tikiti. Kuma ku tuna bakin tekun Kuramo a watan Agustan 2012, da teku ta taso da dare ta share rumfunan da ke wurin, aka yi asarar rayuka. Wurin da ba mai kula da shi, ranar da abu ya faru ba wanda za a riƙe.

Malama Ummu Hanif (Yaba):
Injiniya, ina karanta ku tun ɗazu, ina ganin mun tsaya a kan mai zuwa yawo, mun manta da wanda ruwan ne gidansa. Ni malamar makaranta ce, kullum ta gadar Third Mainland nake bi. Ku kalli ƙasa in kun zo saitin Makoko. Gidaje a kan turaku, hayaƙin ƙyafe kifi ya lulluɓe su, yarinya 'yar shekara shida tana tuƙa kwalekwale ita kaɗai kamar yadda namu suke tuƙa keke. Yawancinsu Egun ne, masunta tun kaka da kakanni. Al'adar ruwa ta Legas in ana nemanta a can take, ba a rumfar haya ba.

Kuma su ne kullum ake tasa. Unguwar Maroko ta nan Legas a watan Yulin 1990, zamanin gwamna Raji Rasaki, aka rushe ta, mutum wajen 300,000 suka rasa matsuguni. Ku je ku ga irin gidajen da ke filin yanzu. Ƙauyen masunta na Otodo Gbame a 2016 da 2017 aka rushe shi, mutane suka kwana cikin kwalekwale a kan ruwa da jarirai. Tarkwa Bay a watan Janairun 2020, sojojin ruwa suka tashi dubban mazauna, aka ce saboda masu fasa bututun mai. Na yarda akwai masu fasa bututu. Amma mai fasa bututu kama shi ake yi a kai kotu, ba a kori gari guda ba. Abin da ya hana Baban Safiya shiga kyauta da abin da ya kori masuncin Otodo Gbame tushensu ɗaya: ƙasar bakin ruwa ta yi tsada, kowa yana son ya killace rabonsa.

Injiniya (Apapa):
Malama, ba zan kare rusau ba tare da diyya ba. Sai dai ba talaka kaɗai abin yake ci ba. A watan Afrilun 2024 aikin titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba, mai tsawon kilomita wajen 700, ya bi ta kan bakin tekun Landmark, wurin masu hali. Ma'aikata da yawa suka rasa abin yi. Matsalar ita ce ba a taɓa zama an ce daga nan zuwa nan na jama'a ne har abada, ba mai gini, ba mai shinge ba. Ga kuma asalin mallakar ƙasa a Legas, wadda take hannun gidajen sarauta. Sunayen wuraren ma sun gaya maka: Oniru, Elegushi.

Ɗan Kamaru (Duwala):
Ina gaida manya. Mu nan in muna son ruwa Limbe muke zuwa, garin da ake kira Victoria kafin 1982. Yana cikin wani lungun teku da ake kira Ambas, dutsen Kamaru ya tsaya masa a baya. Yashin wurin baƙi ne ƙirin saboda aman dutsen, wanda bai sani ba sai ya ɗauka gawayi aka zuba. A Down Beach kwalekwale na sauke kifi, mata na gasawa nan take, ka nuna wanda kake so a ɗora maka, a kawo da barkono da bobolo (rogo ne da ake naɗewa a ganye a dafa) ko soyayyar ayaba. Kifin kawai za ka biya, zaman kyauta ne. Abin da na lura, inda aka bar masunta a wurinsu, wurin ba ya mutuwa, kuma ba ya tsada, don su ma suna son mutane su zo su saya.

Malama Ummu Hanif (Yaba):
Ɗan Kamaru ka faɗi abin da nake ta kewaye-kewaye a kansa. Mu ma muna da irinsa, sai dai sai ka fita daga tsakiyar gari. Epe ke nan. Kasuwar kifinsu ta bakin lagun mata ne ke riƙe da ita, za ka ga tarwaɗa da rai tana motsi a baho, ga jatan lande, ga kaguwa an ɗaure mata hannu. Malam Ɗan Agege, wannan zai yi maka daɗi: suna da bikin Kayo-Kayo da suke yi a watan Muharram, suna haɗa sabuwar shekarar Musulunci da tunawa da zuwan Sarki Kosoko garin, bayan Turawan Ingila sun yi wa Legas ruwan wuta a 1851. Garin Musulmi ne sosai. Na kai ɗalibaina sau ɗaya, wata mai kifi ta zaunar da su ta nuna musu yadda ake gane kifin da ya kwana daga launin ƙasan kunnensa. Har yau suna ba ni labarin.

Malam Ɗan Agege:
Ban taɓa sanin wannan ba, Malama, ga shi shekarata 22 a Legas. In sha Allahu zan je Epe.

Ƙaramin Sarki (Ikoyi):
Assalamu alaikum iyayena, ni ne ƙarami a nan, a yafe mini. Ina aikin kula da dawaki, kuma yayana yana cikin masu ɗora mutane a doki a bakin teku. Abin da ba a sani ba, su ma biya suke kafin a bar su su shiga da dokin, kullum. Ranar da ba a yi ciniki ba, daga aljihu za a sayi dusa da harawa, kuma harawar ma daga Arewa ake kawo ta. Ruwan gishiri yana cin fatar sirdi da linzami, kowace yamma sai an wanke ƙafafun dokin da ruwan daɗi. Duk lokacin da aka rufe wani wuri ko aka rushe, sai su ja dawakin su ƙara yin gabas, yanzu wasu sun kai har wajen Ibeju. Mahaifinmu a Bar Beach ya fara wannan sana'a. Yana cewa da can doki ɗaya yana ciyar da gida har a aika wani abu ƙauye.

Baban Safiya (Obalende):
Allah sarki, ƙanena. Wataƙila ma na hau dokin mahaifinku ina yaro. Akwai wani dattijo mai wani fari da jan bante a wuya, shi ne yake ɗora mu biyu biyu in kuɗinmu bai kai ba.

Injiniya, na ji duk hujjojinka, kuma ban ce a rushe katanga ba. Amma har yanzu ina nan kan bakana. Mai ceto da mai shara aikin gwamnati ne, kamar fitilar titi. Ba a ce sai ka sayi tikiti kafin fitila ta haska ka ba. Jihar da take tara harajin da ya fi na kowace jiha a ƙasar nan ba za ta gaza riƙe bakin teku ɗaya na jama'a ba.

Injiniya (Apapa):
A kan wannan ba mu da saɓani, Yaya. In kana son yaran su ga ruwa mai kwanciya kafin su koma, gwada Tarkwa Bay. Katangar duwatsun nan ta Turawa da na yi bayani ita ce ta kare lungun, shi ya sa igiyarsa ba ta kai ta Lekki hauka ba. Mota ba ta zuwa, sai jirgi. Kuɗin jirgi ne babban abin, akwai kuma ɗan abin da ake karɓa a can, amma yara za su ga manyan jiragen dakon kaya suna wucewa dab da su za su shiga Apapa, su ga samarin wurin suna hawan igiya a kan allo, su hango tsohuwar hasumiyar fitilar jirage.

Ɗan Borno (Ajah):
In za ku je, ku tafi da safe ku dawo kafin la'asar ta yi sanyi. Kada ku hau jirgin da ya cika maƙil, komai saurinku. Kowa ya sa rigar ceto, a ɗaure igiyoyinta sosai, a tabbatar ta yaran daidai jikinsu ce, don in ta yi musu yawa ta kai take zamewa. Kuma ko a can ɗin, hannun autan nan kada ya bar naka.

Baban Safiya (Obalende):
Na gode ƙwarai. Ranar Laraba za su koma Gusau, don haka Litinin za mu je in Allah ya kai mu. Na karanta wa autan saƙon Injiniya, yanzu tambayarsa ta canja: wai jirgin dakon kayan ya fi babban masallacin Juma'a na Gusau girma? Na ce masa ya bari ya gani da idonsa. Hajiya, in Walid yana gida ku kawo shi Obalende da ƙarfe bakwai, akwai wuri a motar.

Hajiya Maman Walid (Idi-Araba):
Yana nan, har ya fara neman takalminsa. Ni zan yi dambun shinkafa da zoɓo, ka ce wa uwargida wannan karon ta huta.